Su Wa Suka Ci Ribar Littattafan Matan Ingila na Farko?

Wata ɗaliba mai karatun adabin Ingilishi ta aiko da wannan tambaya: "Malam, a aji sunan Jane Austen kawai muke ji, sai kuma a ce mana a zamaninta da kafin ita akwai mata da yawa masu rubuta ƙagaggun labarai. Su wa ke buga musu littattafan, nawa ake biyan su, kuma me ya sa sunayensu suka ɓace?"

Malama, gaskiya aka gaya muku. Daga wajen 1790 zuwa dab da 1820, a cikin marubutan ƙagaggun labarai na Ingila da aka iya gano ko su wane ne, mata sun fi maza yawa. An bi littattafan ɗaya bayan ɗaya an ƙirga, a babban kundin da Peter Garside da James Raven da Rainer Schöwerling suka fitar a 2000, wanda ya tattara abin da aka buga daga 1770 zuwa 1829. Amma in kina son gane yadda aka biya matan nan da yadda aka manta da su, sai ki fara da farashin littafi, don shi ya tsara cinikin, shi kuma ya tsara fasalin labaran kansu.

Kuɗin da za mu yi lissafi da shi kakanninki sun san shi, da irinsa aka yi ciniki a Najeriya har 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Akwai kuma gini, wato sule 21. Littafin Austen na farko, Sense and Sensibility, ya fito a 1811 a kan sule 15. Pride and Prejudice na 1813 sule 18, Emma kuwa gini ɗaya cur. A wannan lokacin leburan gona a kudancin Ingila bai cika samun abin da ya wuce sule 10 zuwa 12 a mako ba. Ke nan littafi ɗaya ya fi gumin mako guda. Ko malamin coci da ƙaramin ɗan kasuwa sai sun yi tunani sau biyu kafin su zuba wannan kuɗi a labarin da za a karanta sau ɗaya a ajiye.

Tsadar ba ta son zuciyar 'yan kasuwa kaɗai ba ce. Takarda da tsummokara ake yin ta, da hannu, falle-falle, ga harajin gwamnati a kanta, kuma sau da yawa ita kaɗai ke cinye rabin kuɗin ɗab'i ko fiye. Haruffa na dalma ne, mai jera su yana tsintar su ɗaya-ɗaya yana shirya layi. Mutum biyu ke jan injin ɗab'i na katako, in sun dage sai su buga gefe ɗaya na falle 250 a awa. Ana naɗe kowane babban falle ya ba da shafi 24. Da an gama bugawa sai a wargaza haruffan a mayar da su cikin akwatunansu, don maɗaba'a ba ta da dalmar da za ta bari a jere tana jiran bugu na biyu. Wannan ya sa mai buga littafi ke cikin tsaka mai wuya: in ya buga da yawa, takarda mai tsada ta zama kwantai, in ya buga kaɗan littafin ya karɓu, sai ya sake biyan jera haruffa tun daga shafin farko. Saboda haka ƙagaggen labari na sabuwar marubuciya bai cika wuce kwafi 500 zuwa 750 ba.

To wa ke sayen waɗannan kwafin? Shagunan hayar littattafai. Mutum ya biya wajen gini ɗaya a shekara, ya riƙa ɗauka yana mayarwa. Wanda ba shi da wannan ya biya kwabo ɗaya ko biyu a kan juzu'i. Shagunan nan sun cika Landan da Bath da garuruwan bakin teku irin su Brighton da Margate, inda masu hali ke zuwa hutu. Su ne babban mai saye, kuma abin da suke so shi ake rubutawa. Mai shago ya fi son labari mai juzu'i uku ko huɗu, domin mutum uku za su iya riƙe littafi ɗaya a lokaci guda, wanda ya karanta na ɗaya kuma dole ya dawo neman na biyu. Don a kai juzu'i uku, sai maɗaba'a ta faɗaɗa gefen shafi, ta rage layuka zuwa 20 da 'yan kai, marubuciya kuma ta cusa labari cikin labari: jaruma na cikin gudun tsira sai ta haɗu da wata tsohuwa da za ta kwashe babi huɗu tana ba da tarihin rayuwarta. Ɗalibai sukan ɗauki wannan a matsayin rashin ƙwarewa. Sau da yawa cika mudu ne kawai, don a biya.

Mata sun shiga wannan sana'a tun kafin shagunan haya su yi ƙarfi. Aphra Behn ta fitar da Oroonoko a 1688, labarin wani yarima ɗan Afirka da aka bautar a Suriname. Delarivier Manley ta rubuta The New Atalantis a 1709, ta yi wa manyan 'yan siyasa zambo a fakaice, har aka kama ta. Eliza Haywood ta fito da Love in Excess a 1719, ta ci gaba da rubutu kusan shekara 40. A tsakiyar ƙarnin wasu 'yan'uwa biyu, Francis da John Noble, suka haɗa buga labarai da shagon haya, suna biyan marubuta 'yan kuɗi kaɗan. Amma wanda ya mayar da abin masana'anta shi ne William Lane.

Lane ɗan mai sayar da kaji ne, shi ma da wannan sana'ar ya tashi. Ya koma sayar da littattafai a shekarun 1770, ya kafa shago a titin Leadenhall cikin Landan, a 1790 kuma ya sa wa kamfaninsa suna Minerva Press. Dabararsa ita ce ya riƙe kowace gaɓa ta cinikin. Yana sayen rubutu, yana da maɗaba'arsa, yana da babban shagon haya nasa, sannan yana tallata cewa duk mai kanti a ƙauye ko gari da ke son buɗe shagon haya ya zo a haɗa masa jari, daga 'yan ɗaruruwan littattafai zuwa dubbai, har da jerin sunaye da bayanin yadda ake tafiyar da shagon. Mai sayar da turare ko kayan rubutu sai ya ware lungu ya jera littattafan Lane. Tun kafin sabon labari ya fito daga injin, Lane ya san inda kwafi ɗari-ɗari za su tafi. Bai damu da ko masu sharhi sun yaba ba, abin da yake bukata shi ne sabon kaya a kai a kai. A ƙarshen shekarun 1790, tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na sababbin ƙagaggun labaran Ingila daga gidansa suke fitowa, akasarin marubutansa kuma mata ne. Mawaƙi Samuel Rogers ya tuna ganinsa a keken doki na alfarma, barorinsa riƙe da sanduna masu kan zinariya. Ya rasu a 1814 da dukiya, abokin cinikinsa A. K. Newman ya ci gaba, aka daina amfani da sunan Minerva a 1820.

Yanzu ga yadda ake biya. Hanyar da ta fi yawa ita ce marubuciya ta sayar da haƙƙin mallakar littafin gaba ɗaya, a ba ta kuɗi sau ɗaya, shi ke nan. Dokar 1710 ta ba marubuci shekara 14, da ƙarin 14 in yana raye. A 1814 aka mayar da shi shekara 28, ko tsawon rai in ya fi haka. Wannan wa'adin ne marubuciya ke miƙawa. Ga wadda ba ta yi suna ba, farashin yakan tsaya tsakanin fam 5 zuwa 20. Amfanin hanyar shi ne kuɗi a hannu, ba ruwanta da asara. Illarta kuwa tana fitowa ne idan littafin ya karɓu. Frances Burney ta rubuta Evelina a ɓoye, har ta sauya rubutun hannunta don masu jera haruffa sun saba da shi, ita ce ke kwafe wa mahaifinta littattafansa na tarihin kiɗa. Ƙaninta ya kai wa mai buga littattafai Thomas Lowndes rubutun da sunan ƙarya, Lowndes ya biya gini 20, daga baya ya ƙara fam 10. Littafin ya fito a 1778, Landan ta ɗauka, aka sake bugawa sau da dama cikin shekara biyu, ribar duk ta Lowndes. Austen ma ta faɗa wannan rami da ido buɗe: ta so fam 150 a kan Pride and Prejudice, Thomas Egerton ya ba da 110, ta karɓa don ta huta da ɗawainiya. Jan Fergus, wadda ta bi lissafin Austen dalla-dalla, ta ƙiyasta cewa Egerton ya ci sama da fam 450 daga bugu biyu na farko kawai.

Akwai illar da ta fi wannan ciwo. Wanda ya sayi haƙƙi ba dole ne ya buga ba. A 1803 kamfanin Crosby ya sayi wani labarin Austen mai suna Susan a kan fam 10, ya tallata shi, sannan ya jefa shi a aljihun tebur. Bayan shekara shida ta rubuta musu da sunan aro tana neman su buga ko ta kai wani wuri. Amsar da ta samu ita ce ba su yi alkawarin lokaci ba, in wani ya buga za su kai ƙara, in tana so ta dawo da fam 10 ta karɓi kayanta. Ba ta fanshe shi ba sai a 1816. Shi ne ya fito da sunan Northanger Abbey a ƙarshen 1817, watanni bayan rasuwarta.

Ann Radcliffe ce ta nuna irin abin da wannan hanya ke iya bayarwa ga wadda ta riga ta yi suna. Thomas Hookham, mai shagon haya a titin Bond, shi ya buga labaranta na farko. Da The Romance of the Forest ya karɓu a 1791, sai kamfanin Robinson ya biya fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho na 1794, Cadell da Davies kuma suka biya fam 800 a kan The Italian na 1797. Kuɗin sun girgiza kasuwa. Radcliffe ce ta sa labaran ban tsoro suka yi tashe: tsohuwar fada a duwatsun Italiya, marainiya mai gādo, mugun mariƙi, ƙofar ɓoye, fatalwar da daga baya za a gano ba fatalwa ba ce. Maria Edgeworth ta zarce ta da fam 2,100 a kan Patronage a 1814. Irin waɗannan ba su kai yatsun hannu ba, kuma kuskure ne a auna sauran da su.

Hanya ta biyu ita ce marubuciya ta ɗauki nauyin ɗab'i, mai bugawa ya sayar ya cire kamashonsa, yawanci kashi 10 cikin 100. A nan ya kamata mu tsaya mu yi lissafi, don shi ke nuna girman cacar. Bisa ƙiyasin masu bincike, Egerton ya buga kwafi 750 na Sense and Sensibility. Farashin kanti sule 15 ne, amma 'yan sari sule 9 da sisi suke saye, kuma wannan ne kuɗin da ke shigowa. Kwafi 750 a wannan farashi ya ba da fam 356 da 'yan kai. A cire kamasho, wajen fam 36. A cire takarda da ɗab'i da tallan jarida, wajen fam 180. Abin da ya rage fam 140, kuma shi ne adadin da Austen da kanta ta ambata a wasiƙa bayan bugun ya ƙare a 1813. Amma duba ɗaya gefen: sai an sayar da sama da kwafi 400 kafin a mayar da jari. Da littafin ya tsaya a 200, da ta wayi gari da bashin da ya ninka kuɗin kashewarta na shekara sau da yawa. Macen da ke rubutu don ta ciyar da 'ya'ya ba ta isa ta shiga wannan caca ba. Austen ta iya ne don tana da rufin asiri a gidan ɗan'uwanta a Chawton, wanta Henry kuma yana harkar banki a Landan.

Ko ita ɗin hanyar ta taɓa ƙona ta. A 1815 wani mai buga littattafai, John Murray, ya yi mata tayin fam 450 a kan haƙƙin littattafai uku, Emma da Mansfield Park da Sense and Sensibility. Ta ga tayin ya yi kaɗan, ta zaɓi kamasho. Murray ya buga Emma kwafi 2,000 a takarda mai tsada, ya kuma sake buga Mansfield Park a 1816. Wannan bugu na biyu bai tafi ba, ya yi asarar fam 182, aka cire daga ribar Emma ta fam 221, cak ɗin farko da ya iso hannunta bai kai fam 39 ba. Bayan 'yan shekaru aka yi gwanjon kwafi 539 na Emma da suka yi kwantai a kan sule 2 kowanne. Matsalar wannan tsari a bayyane take: mai karɓar kamasho daga abin da aka sayar ba shi da dalilin tsuke kuɗin ɗab'i, tunda ba aljihunsa ke biya ba.

Akwai kuma raba riba, inda mai bugawa ke zuba jari a raba abin da ya saura. Haka aka yi da Frankenstein na Mary Shelley a 1818: kamfanin Lackington ya buga kwafi 500, kashi ɗaya cikin uku na riba ga marubuciya. Hatsarin a nan shi ne mai bugawa ke riƙe da littafin lissafi. Hanya ta ƙarshe ita ce a tara masu biya tun kafin a buga, a jera sunayensu a farkon littafin. Mutane da yawa suna ganin ta kamar bara ce da ado, amma ga wadda ke da manyan mutane a bayanta tana kawo kuɗi. Burney, da ta koyi darasi daga Lowndes, ta bi wannan hanya da Camilla a 1796, gini ɗaya kowane mutum, sannan ta sayar da haƙƙin a kan fam 1,000. Abin da ta tara ya kai wajen fam 2,000, ta gina gida da shi a Surrey. A jerin masu biyan akwai wata budurwa daga ƙauyen Steventon, Miss J. Austen.

Duk wannan lissafi yana da wani rami a ƙarƙashinsa ga matar aure. A dokar Ingila ta lokacin, mace in ta yi aure abin da ta samu na mijinta ne, kuma ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya ita kaɗai. Ba a fara gyara wannan ba sai a 1870, aka kammala a 1882. Charlotte Smith ce misalin da ya fi fitowa fili. An aurar da ita tana 'yar shekara 15, ta haifi 'ya'ya 12, mijin mai almubazzaranci ne, har ta zauna tare da shi a gidan yarin masu bashi a 1783. Ta rabu da shi, ta koma rubuta labarai kusan ɗaya a shekara, daga Emmeline na 1788, amma a doka yana iya zuwa ya nemi kuɗin littattafanta. Surukinta ya bar wa jikokinsa dukiya, sai dai ya rubuta wasiyyar da kansa a hargitse, aka yi ta shari'a fiye da shekara 30, ta rasu a 1806 ba a gama ba. Wasiƙunta ga masu buga mata littafi cike suke da roƙon a ba ta wani abu kafin ta kammala juzu'i na gaba. Wanda ke karɓar kuɗi kafin aiki kuwa ba ya da bakin ciniki.

Matan Minerva sun fi haka shan wuya. Eliza Parsons matar wani mai sarrafa man fenti ce. Gobara ta cinye masana'antarsa, ya rasu a 1790 ya bar ta da 'ya'ya takwas. Ta shiga rubutu ba tsayawa, labarai kusan 20, amma sau da dama sai da ta kai kuka ga asusun tallafa wa marubuta da aka kafa a 1790, wanda daga baya ya zama Royal Literary Fund. Regina Maria Roche, 'yar Waterford a Ailan, ta rubuta The Children of the Abbey a 1796, ɗaya daga littattafan da suka fi kasuwa a zamanin, wanda aka yi ta bugawa a Ingila da Amurka har ƙarshen ƙarni na 19. Ita ma da tsufa ya zo, jarin mijinta ya karye, ga wannan asusun ta miƙa hannu. Takardun asusun na daga cikin 'yan wuraren da muke jin muryar matan nan suna bayanin halin da suke ciki da bakinsu.

Batun ɓacewar suna yana da dalilai da suka taru. Na farko, da yawansu ba su sa suna ba tun asali. A shekarun 1770 da 1780 mafi yawan ƙagaggun labarai ba su ɗauke da sunan kowa. Austen ba ta taɓa ganin sunanta a bangon littafi ba. Na farko an rubuta cewa wata baiwar Allah ce ta rubuta, na baya kuma "marubuciyar littafi kaza". Kunya da tsare mutunci na ciki, amma akwai ciniki ma: mai shago sunan littafin da ya gabata yake nema, ba sunan mutum ba. Wannan ya buɗe ƙofar maguɗi. Maza sun fake da sunan mace, an liƙa wa littafi cewa fassara ce daga Jamusanci alhali ba haka ba, wasu masu bugawa irin su J. F. Hughes kuma sun fitar da labarai da sunayen da suka yi kama da na shahararru, kamar "Caroline Burney", don mai haya ya ruɗe.

Na biyu, masu sharhi. Mujallu irin su Monthly Review da Critical Review sukan sallami labarin Minerva da layi biyu ko uku na ba'a. Sunan kamfanin kansa ya zama zagi. Malaman coci da masu rubuce-rubucen tarbiyya sun ce labaran na lalata 'yan mata da barorin gida, suna cusa musu burin auren da ya fi ƙarfinsu. Wanda ya san yadda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan soyayya na Kano tun daga shekarun 1980, da mata marubuta, da shagunan haya, da littafi na ɗaya da na biyu da na uku, da laƙabin adabin kasuwa, zai ga kama. Sai dai kamar tana da iyaka a wuri biyu. Marubuciyar Kano yawanci ita ke biyan ɗab'i ta miƙa wa diloli, don haka ta fi kusa da hanyar da Austen ta bi fiye da ta matan Minerva. Kuma abin da ta samu nata ne a shari'a, miji ba shi da iko a kansa, abin da Charlotte Smith ba ta samu ba.

A ganina hukuncin masu sharhin rabinsa gaskiya ne. Da yawan labaran an rubuta su cikin gaggawa, an maimaita tsari ɗaya, kurakuran ɗab'i birjik. Amma an yi musu kuɗin goro ba tare da karantawa ba. In kika duba abin da ke ƙarƙashin fatalwa da tsohuwar fada, maganar gādo ce da aka cinye wa marainiya, auren dole, takardar wasiyya da aka ɓoye, matar da miji ya kulle a ɗaki. Waɗannan su ne damuwar marubutan da masu karatunsu a zahiri, an dai kai su Italiya ko Jamus don a faɗe su ba tare da an taɓa kowa a gida ba. Austen ma ba ta raina su kamar yadda ake zato ba. A Northanger Abbey ta yi musu barkwanci, a cikin littafin kuma ta tsaya ta kare masu rubuta ƙagaggun labarai daga masu sharhi. A can wata budurwa ta lissafa wa ƙawarta littattafan ban tsoro guda bakwai da ya kamata su karanta. Fiye da shekara 100 masu karatu da dama sun ɗauka Austen ce ta ƙirƙiri sunayen, sai a shekarun 1920 Michael Sadleir da Montague Summers suka tabbatar duka bakwai ɗin littattafai ne na gaske. Shida na Minerva ne: biyu na Parsons, ɗaya na Roche, ɗaya na Eleanor Sleath, biyu fassara daga Jamusanci.

Na uku, kasuwar ta juya. Walter Scott ya fitar da Waverley a 1814, ƙagaggen labari ya samu mutunci, maza suka dawo da yawa, farashi ya hau har sule 31 da sisi daga 1821. Da aka zo tattara jerin littattafan da suka cancanci sake bugawa, sai aka tsinci kaɗan. Richard Bentley ya sayi haƙƙin littattafan Austen biyar daga danginta a 1832 a kan fam 210, na shidan kuma daga magadan Egerton a kan fam 40, ya sa su a jerin littattafansa masu araha, tun daga nan ba su sake barin kasuwa ba. Matan Minerva, in ban da Roche, ba su samu mai yi musu haka ba.

Na huɗu kuma shi ne mafi sauƙin fahimta: littattafan sun mutu a hannun masu haya. Kwafi 500 da suka zaga hannu ɗari-ɗari sun yayyage, shagon ya zubar ya sa sabo, manyan ɗakunan karatu kuma ba su ga dalilin ajiye su ba. Akwai labaran da kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, akwai waɗanda a talla kawai muka san an yi su. Abin mamaki, babbar taskarsu a Jamus take, a fadar Corvey kusa da garin Höxter, inda wani basarake, Victor Amadeus, da matarsa Elise suka riƙa sayen kusan duk sabon labarin Ingilishi da ya fito. Masu bincike sun farga da ita a shekarun 1980, da ita kuma aka gina babban ɓangare na kundin da na ambata. A Ingila akwai ɗakin karatu na Chawton House, gidan ɗan'uwan Austen, wanda aka buɗe a 2003 don rubuce-rubucen mata daga 1600 zuwa 1830. Littafin Dorothy Blakey na 1939 a kan Minerva har yanzu daga shi ake farawa.

In za ki yi aikin bincike a wannan fage, ki yi hattara da sunan da aka jingina wa littafi, ko da a kundin babban ɗakin karatu kika gan shi. Ki nemi shafin farko na bugun asali, ki bi sarƙar "marubuciyar littafi kaza" baya-baya, ki gwada da tallan jaridu na shekarar. Misali ɗaya ya isa. "Mrs Meeke" ta rubuta wa Minerva labarai sama da 20, wasu da sunan aro Gabrielli, har masanin tarihi Macaulay yana cikin masu sha'awarta. Shekara da shekaru littattafan tarihin adabi suna cewa Mary Meeke ce, matar wani malamin coci. Sai a 2013 Simon Macdonald ya nuna da takardu cewa Elizabeth Meeke ce, agolar gidan su Frances Burney, 'yar matar mahaifinta.